Wa zai bi ni kallon tsuntsaye Jamaica Bay ranar Asabar?

Sani Direba: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan tafi Jamaica Bay, gandun da ke bakin teku a nan New York, kallon tsuntsaye, da an idar da sallar asuba. Akwai wurin mutum uku a mota. Ba a biyan ko sisi a ƙofa. Wanda zai zo ya haɗa rigunan sanyi biyu da safar hannu da hula mai rufe kunne, don iskar bakin teku ba irin ta cikin Bronx ba ce.

Idi na Harlem: Kallon me? Sani lafiyarka kuwa? A watan Janairu?

Sani Direba: Lafiya lau. Yanzu ne ma lokacinsu.

Idi na Harlem: In dai ba da tukunya da yaji za a tafi ba, a cire sunana.

Alhaji Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Sani, ni abin da ban gane ba shi ne, mutum ya kwana yana tuƙi, ranar da zai ba jikinsa haƙƙinsa sai ya ɗauki ƙafa ya tafi bakin ruwa ya tsaya cikin ƙanƙara yana kallon agwagwar da ba tasa ba, ba zai saya ba, ba zai yanka ba. Shekara talatin ke nan da na baro Kumasi, na ga Turawa suna yi, na ce to su dama abin da za su yi ne ya ƙare musu. Ban taɓa zaton zan ga ɗan Maraɗi a ciki ba.

Sani Direba: Baba Alhaji, tuƙin ne ma ya jawo ni. Kullum in na sauke fasinja a filin jirgin JFK na biyo titin Belt Parkway, sai in ga wasu tsuntsaye baƙaƙe sun cika ciyawar gefen titi suna kiwo kamar tumaki, ba ruwansu da ƙarar motoci. Da rani ba na ganinsu, sai sanyi ya shigo. Shekara uku ina wuce su. Rannan na ɗauko wata tsohuwa da madubin hangen nesa a wuya, na tambaye ta. Ta ce sunansu brant, kuma daga can ƙuryar arewacin Kanada suke zuwa, inda teku kanta ke daskarewa. Na ce to me suka zo yi nan cikin wannan sanyi? Ta yi dariya ta ce ai ɗumi suka zo sha. Tun daga ranar maganar ta tsaya mini a rai. Sanyin da muke kuka da shi, wani ya yi tafiyar dubban mil don ya same shi.

Hajiya Rabi: Ikon Allah. Wato 'yan ci-rani ne irinmu.

Idi na Harlem: Bambancin kawai su ba a tambayarsu takarda a iyaka.

Maryam: Kawu Sani, ni zan zo in akwai wuri. Bari in ƙara kan abin da tsohuwar ta gaya maka. Brant dangin dinya ce amma ƙarama, kai da wuya da ƙirji baƙi, da ɗan farin zane a gefen wuya kamar sarƙa. Kada a rikita ta da dinyar Kanada, wadda ta fi ta girma, mai farin tabo daga haɓa zuwa kumatu, wadda ke nan damina da rani tana ɓata filayen ƙwallo da kashi. Brant tana ƙyanƙyasa a tsibiran arewacin Kanada irin su Baffin da Southampton, sai ta sauko gaɓar Amurka ta gabas, mafi yawa New Jersey da Long Island. Asalin abincinta wata doguwar ciyawa ce da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwan gishiri. A shekarun 1930 wata cuta ta kusa share ciyawar daga gaɓar Atlantika, tsuntsayen suka ragu ƙwarai. Waɗanda suka tsira suka koma cin wani koren ganyen teku mai kama da latas, daga baya kuma suka koyi hawowa tudu su ci ciyawar filin wasa da ta gefen titi. Abin da kake gani a Belt Parkway ke nan.

Alhaji Ɗanladi: 'Yata, duk na ji. Amma an san wannan, sai kuma me? Ya ƙara kuɗin haya ne ko ya rage?

Maryam: Baba, bai rage ba. Amma kallon ƙwallon da su Yaya Idi ke yi ma bai rage ba.

Idi na Harlem: Ni me na yi aka sako ni? Ƙwallo a ɗaki ake kallo, da shayi a hannu.

Malam Bukar Gashuwa: Salamu alaikum mutanen Amurka. Ni da nake nan gida wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurina. A nan Dagona, kusa da mu, da zarar hunturu ya shigo sai fadama ta cika da agwagin da ba mu san su da damina ba. Tun muna yara masunta ke cewa baƙi sun iso. Har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona a 1989 saboda tsuntsayen nan. Wataƙila ma waɗanda Sani yake gani su ne suke ƙarasowa wurinmu.

Maryam: Malam, a nan kam zan ɗan saɓa maka, ka yi haƙuri. Naku daga Turai da Rasha suke zuwa, su tsallake Bahar Rum da Sahara su sauka fadamun Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi da kogin Neja a Mali. Na nan Amurka hanyarsu daban, daga arewa zuwa kudu cikin nahiyar. Waɗanda suka fi nisa sai su dangana da Amurka ta Kudu. Brant ɗin Kawu Sani ma ba ta wuce jihar Carolina ta Arewa sosai.

Malam Bukar Gashuwa: To madalla, na ƙaru. Dama na yi mamaki a ce agwagwa ta ƙetare wannan teku. Amma na Turai kam tabbas ne, don akan kama tsuntsu a nan da zoben ƙarfe a ƙafa da rubutun boko a jiki. Wasu har tsoro suke ji, su ce asiri ne.

Maryam: Masu bincike ne ke sa zoben don su san inda tsuntsu ya je. Kafin a fara haka Turawa kansu ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba, har akwai masu cewa tsattsewa cikin laka take shigewa ta kwana sai bazara. A 1822 aka harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus, sai ga mashin Afirka a soke a wuyansa, ya taho da shi tun daga can. Har yau yana ajiye a jami'ar Rostock.

Sani Direba: Kai! Wani maharbi ya yi asarar mashinsa da abincin darensa, Bature ya samu ilimi.

Alhaji Ɗanladi: Wannan kam labari ne. Shamuwa na santa. Idan ta sauka kan bishiyar ƙofar gida, manomi ya fara gyara fartanya. Amma ka ga wannan sani ne mai amfani, yana gaya maka damina ta kusa. Naku fa?

Malam Bukar Gashuwa: Alhaji, amfanin yana nan, sai dai ba a ganinsa da wuri. Mu nan tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadama ta canza. Wani wuri ruwa ya daina zuwa, wani wuri kuma ya daina janyewa, sai kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya samu maɓoya a cikinta yana fitowa yana cinye mana gero da shinkafa. Masu zuwa ƙidayar tsuntsaye duk Janairu, da ake yi wa kallon marasa aikin yi, suna cikin waɗanda suka riƙa rubuta cewa fadamar nan tana lalacewa. Inda agwagwa ta daina sauka, ka duba da kyau, kifi ma ya ragu.

Maryam: Haka Jamaica Bay ma. Tsibiran fadamar da ke tsakiyar ruwan sun daɗe suna zaizayewa suna nutsewa, kuma cikin dalilan akwai ruwan da masana'antun tace bahaya na birni ke zubarwa a ciki da kuma hauhawar teku. Sai da aka riƙa kwaso yashi ana sake gina wasu tsibiran ana dasa ciyawa. Da guguwar Sandy ta zo a Oktoban 2012 ta fasa bangon tafkin yamma, ruwan gishiri ya shiga ya lalata ruwan daɗin da agwagi ke sha, ba a gama toshe wurin ba sai 2017. Fadamar nan ita ke rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gidajen mutane.

Hajiya Rabi: Ni tambayata daban. In na zo zan iya tahowa da ragowar burodi da shinkafa? Kullum ina zuba wa tantabaru a bakin gininmu, sadaka ce, kuma ba na son zubar da abinci a shara.

Maryam: Anti, don Allah kada ki kawo. A can an hana ciyar da su. Burodi yana cika musu ciki ne kawai ba ya gina jiki, ga shi yana tara su wuri ɗaya cuta ta yaɗu, abin da ya rage kuma ɓeraye su cinye da dare.

Hajiya Rabi: Yanzu sadakar ma sai an nemi izini? Uwata har ta rasu ba ta taɓa daka gero ba ta watsa wa kurciyoyi tsaba ba.

Sani Direba: Hajiya, tsaba daban, burodin shago daban. Kuma kurciyar gida ba ɓeran New York ba ce. Kin manta lokacin da aka rufe kasuwannin kaji masu rai na mako guda a Fabrairun 2025 saboda murar tsuntsaye? Sai da muka rasa inda za mu yanka kaza. Wata guda kafin nan an hallaka agwagi kusan 100,000 a wata gona a Long Island. Ni ko gawar tsuntsu na gani a bakin ruwa ba na taɓawa.

Hajiya Rabi: Wannan kuma na yarda, a asibiti ma an ja mana kunne. Amma tantabarun ƙofar gidana ba zan daina ba su ba, ku yi ta faɗa.

Idi na Harlem: To ni tambayar da kowa ke jin kunyar yi: in mutum ya kama guda ɗaya fa? Dubu nawa ne a wurin, wa zai ƙirga?

Maryam: Yaya Idi, akwai dokar tarayya tun 1918 da ta kare tsuntsaye masu ƙaura. Ana farautar agwagi a jihar New York, amma sai da lasisi, a lokacin da aka ware, a wuraren da aka yarda, kuma da adadin da ba za ka wuce ba. Jamaica Bay kuwa ƙarƙashin hukumar gandun daji ta ƙasa take tun 1972. Kuma ana ƙirgawa ɗin. Tun 1900 ake fita ƙidayar tsuntsaye duk ƙarshen shekara, wani masani Frank Chapman ya kawo ta don ta maye gurbin gasar harbi da ake yi ranar Kirsimeti.

Idi na Harlem: Wasa nake. Kar a je a ɗauki hoton maganata a kai inda ba a so.

Usman Brooklyn: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni na fara wannan abu kafin Sani, kuma akwai abin da ya kamata a faɗa wa duk wanda zai fara. A cikin gandun ba matsala. Matsalar tana unguwannin da ke kewaye. Tsuntsu bai san iyaka ba, zai tashi daga fadama ya sauka a mashigin ruwan da ke bayan gidajen mutane, kai kuma ka bi shi. Shekara biyu da suka wuce na tsaya a ƙarshen wani layi da ya dangana da ruwa, ina kallon wasu ƙananan agwagi masu nutso, masu farin tabo a kai, waɗanda ake kira bufflehead. Ban yi minti goma ba sai ga motar 'yan sanda. Wani mai gida ya buga waya wai ga baƙin mutum da gemu yana leƙen gidaje da madubi. Sun yi mini magana da ladabi, na nuna musu hotunan da ke wayata, ɗayansu har ya tambayi sunan agwagwar, suka tafi. Amma na koma gida jikina a sanyaye, na yi wata biyu ban fita ba.

Alhaji Ɗanladi: Ka ji ko? Abin da nake gudu ke nan. Baƙar fata, Musulmi, da madubin hangen nesa, kusa da filin jirgin sama. Sani, kana da iyali.

Usman Brooklyn: Baba, ban faɗa don a fasa ba. Ba a kaina aka fara ba. Kowa ya tuna Christian Cooper, baƙar fata ɗan ƙasar nan, da ya roƙi wata mata ta ɗaure karenta a Central Park ranar 25 ga Mayun 2020, ta kira 'yan sanda ta ce yana yi mata barazana. Da bai ɗauki bidiyo ba da labarin ya sha bamban. Shi bai daina ba, ni ma na koma. Abin da na koya: a unguwa ka juya wa tagogin mutane baya ka fuskanci ruwa, ka gaisa da duk wanda ya fito, kada ka tsaya a ƙofar garejin wani, kuma ku tafi ku biyu ko uku. In da mace ko yaro a cikinku ma kallon da ake yi muku daban ne. Abin haushi ne a ce sai mun yi wannan lissafin, amma haka garin yake.

Hajiya Rabi: To ashe ina da amfani a tafiyar ko ba burodi.

Usman Brooklyn: Sosai Hajiya. Kuma unguwannin suna da nasu abin kallon. A ƙofar maƙabartar Green-Wood a nan Brooklyn akwai korayen tsuntsaye dangin aku, asalinsu Ajantina da maƙwabtanta, sun tara ƙirare sun yi wata ƙatuwar sheƙa a saman hasumiyar ƙofar. Cikin dusar ƙanƙara za ka ji suna ta surutu kamar kasuwa.

Sani Direba: Usman, mujiyar nan fara fa? Ita nake ta nema shekara biyu.

Hajiya Rabi: A'uzu billahi. Mujiya kuma? Nemanta ake yi?

Usman Brooklyn: Hajiya, in kin ganta za ki manta da duk abin da aka gaya mana muna yara. Fara sol, ido rawaya, da rana tsaka take zaune kan tudun yashi a bakin teku. Ba kowace shekara take zuwa da yawa ba. In ɓerayen da take ci a can arewa suka yi yawa, sai ta ƙyanƙyashe 'ya'ya da yawa, ƙananan su bazu kudu da sanyi. Hunturun 2013 an ga su ko'ina. Filin jirgi yana yi musu kama da gida, fili fetal ba bishiya, har aka harbe wasu a JFK a Disambar shekarar, mutane suka yi ca, aka koma kamawa ana kai su nesa. Sau ɗaya na ganta, kuma ba zan rubuta wurin a nan ba. Da an faɗa sai masu kyamara su yi mata zobe su hana ta hutawa.

Alhaji Ɗanladi: Ni a nan ina bayan masu filin jirgi. Ina garin nan ranar 15 ga Janairun 2009 da jirgi ya tashi daga LaGuardia ya ci karo da garken dinya, injinansa biyu suka mutu, matuƙin ya sauke shi a kogin Hudson. Mutum 155, Allah ya tsare ba wanda ya mutu. Ran mutum ya fi na tsuntsu.

Usman Brooklyn: Ba mai musun wannan, Baba. Dinyar Kanada ce ta yi wannan, kuma tun daga nan ake kwashe su a kewayen filayen jirgi. Abin da aka ce kawai, inda kamawa za ta wadatar ba sai an harbe ba.

Alhaji Ɗanladi: To. Ni dai na san Allah ya ce tsuntsaye al'ummomi ne irinmu, kuma Annabi Sulaimana da kansa ya duba rundunarsa ya lura babu alhudahuda. Ban ce haramun ba ne. Sanyin ne ban yarda da shi ba. Azahar fa, a ina za ku yi?

Sani Direba: Da alwala muke fita, darduma tana bayan mota. Zagayen tafkin yamma bai kai mil 2 ba, kafin azahar mun gama. Rana ma kafin biyar ta faɗi, ba mai daɗewa.

Maryam: Wanda bai samu wuri a mota ba, jirgin ƙasa na layin A zai hau, amma mai zuwa Far Rockaway, ba mai zuwa Lefferts ba, ya sauka Broad Channel ya taka kamar minti ashirin. Wanda kuma ya ga nisa, ga gandun shaƙatawa na Pelham Bay a nan Bronx, tashar ƙarshe ta jirgi mai lamba 6. Ya ninka Central Park sau uku, kuma akwai agwagin teku a wajen Orchard Beach. Ku sauke manhajar Merlin a waya, kyauta ce, tana gane tsuntsu da hoto ko da kukansa.

Sani Direba: Jama'a mun dawo lafiya. Ni da Hajiya da Maryam da Usman, sai mutum na biyar da ya ce kada a faɗi sunansa, ya zo ne wai don ya tabbatar ba mu faɗa ruwa ba. Mun tarar ruwa ya janye, brant sun fi ƙarfin ƙirga, suna ta wani gunaguni ƙasa-ƙasa kamar taron dattawa. Can sai wani shaho ya biyo saman ciyawa, garken fararen dinya ya tashi gaba ɗaya, ga dogayen gine-ginen Manhattan a bayansu. Mujiya dai ba mu gani ba.

Idi na Harlem: Wane ne na biyar?

Hajiya Rabi: Wanda ya karɓi madubin Usman ya ce minti ɗaya, ya riƙe shi rabin awa.

Alhaji Ɗanladi: Gilashin ne ya yi hazo, ina gogewa. Kuma har yanzu ba na jin yatsun ƙafata. Maryam, wannan ƙaramar mai ɗaga wutsiya sama kamar tsinke, me kika ce sunanta?

Maryam: Ruddy duck, Baba. In bazara ta yi, bakin namijin shuɗi yake komawa.

Alhaji Ɗanladi: Shuɗi? Sai na gani da idona. Sani, wancan wurin na jirgi mai lamba 6, akwai inda mutum zai zauna a mota ya hango ruwa?